Jingar Kwashe Dusar Ƙanƙara

A birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, inda nake karatu, dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara takan kai kimanin mita 2. Hukumar birni ke share tituna, amma daga bakin titi zuwa ƙofar gida nauyin maigida ne.

Galibi jingar hunturu guda ake yi da masu tarakta, wato daga Nuwamba zuwa Afrilu, a kan ɗaruruwan daloli, gwargwadon tsawon mashigar mota. Ko ta zuba da yawa ko ta yi ƙaranci, kuɗi dai sun tafi.

Wasu abokaina suna ganin almubazzaranci ne, tunda shebur yana da araha. Ni kuwa ban bi su ba. Jiƙaƙƙiyar dusa nauyi gare ta, ga sanyi yana matse jijiyoyin jini. Binciken da aka buga a 2017 kan lardin Kwibek ya nuna bugun zuciya yakan ƙaru ga maza bayan zuba mai yawa. Dattijon da nake haya a gidansa ya haura shekara 70, shi ya sa yake biya ba gardama. Matakalar ƙofa kam tarakta ba ta hawa, sai an ƙara kuɗi; ita nake share masa da asuba.