Ga ɗana da ya kama aiki a masana'anta

Ɗana, labari ya iske ni cewa an ɗauke ka aiki a wata masana'anta a Sharaɗa. Allah ya sa ka shiga a sa'a, ya sanya albarka a guminka. Ni da na ƙare ƙuruciyata a gaban injin saƙa a Kaduna, ina da magana da kai tun hannunka bai saba da albashi ba.

Ka sani, a ƙasar nan babu wani kuɗi da hukuma ke biyan mutum don ya rasa aiki. A Amurka akwai wannan tsari tun dokar 1935: masu kamfanoni na zuba haraji a asusu, kowace jiha tana tafiyar da nata, kuma a yawancin jihohin ana biyan wanda aka sallama wani ɓangare na albashinsa har mako 26 yana neman wani aikin. Mu ba mu da shi. Ranar da aka rufe ƙofa, abin da za ka fita da shi kawai shi ne abin da ke rubuce da sunanka.

Saboda haka kada ka ji kunyar tambayar takardar ɗaukar aiki. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai kamfani ya ba ka ita kafin ka wuce wata uku, da bayanin irin aikinka, da albashinka, da lokutan aiki, da hutu, da wa'adin da za a ba ka idan za a sallame ka. Wa'adin nan yana ƙaruwa da daɗewa: mako guda ga wanda ya haura wata uku, mako biyu daga shekara biyu, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. To, da me za ka nuna ka kai shekara biyar idan babu takarda? Na zauna da mutanen da suka yi furfura a bakin inji, amma a littafin kamfani sunansu ma'aikatan wucin gadi, kowane wata uku a sallame su da baki, a sake ɗaukarsu da baki. Lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna suka yi ta durƙushewa a farkon shekarun 2000, masu takarda ma sun sha wuya kafin su ga haƙƙinsu, balle waɗanda ba su da ita. Yawanci kunya ce ke cin mu. Yaro ya ce wane ne ya samo masa aikin, ba zai so a ce ya cika tambaya ba. Wanda ya samo maka aikin ba shi zai ciyar da iyalinka ba ranar sallama. Ka tambaya cikin ladabi, ka karɓa, ka yi hotonta, ka ajiye ɗaya a gida.

Sai fansho, wanda matasa ke ganin maganar tsofaffi ce. A dokar 2014, ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunanka cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, idan ka rasa aiki ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba, kana iya cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya taru. Wannan ne kaɗai abin da ya yi kama da tallafin rashin aiki a wurinmu, kuma kuɗinka ne. Amma cirewa daban, zubawa daban. Ka riƙa duba saƙon da kamfanin fansho ke turo maka a waya. Idan wata biyu suka wuce shiru, ka yi magana, in ba a saurare ka ba hukumar PenCom tana karɓar koke.

Maganar rauni kuwa, Allah ya tsare, har yau tana damuna. A gabana inji ya kama yatsun wani abokin aikinmu. Aka naɗe hannun da ƙyallen atamfa, shugaban sashe ya cusa masa kuɗi a aljihu, ya ce ya je ya huta, kamfani ba zai manta da shi ba. Ba a rubuta komai ba. Da hannun ya ƙi komawa daidai, sai aka ce ai ba wanda ya san a wurin aiki ya ji ciwon. Yanzu akwai dokar diyya ta 2010, wadda ta sa kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa ga hukumar NSITF, kuma haramun ne a cire shi daga naka. Sai dai idan ka ji rauni, ana so ka sanar da kamfani cikin kwana 14. Ka sanar a rubuce, ko da ciwon ya yi maka kamar ƙarami, ka riƙe katin asibiti.

Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne, amma bai hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, don haka ka san yawanku.

Ƙungiyar ƙwadago, ka shiga, ka riƙa zuwa taro. Na san ana zargin wasu shugabanninta, kuma ba duk zargin ne ƙarya ba. Duk da haka, idan aka tashi rage ma'aikata, doka ba ta yanke adadin kuɗin sallama ba. Cewa ta yi a sanar da ƙungiya, a fara da na baya-bayan shigowa, kamfani kuma ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan abin da za a biya. Kai ne na baya-bayan nan yanzu, kuma mutum ɗaya ba ya ciniki da kamfani. Idan sulhu ya gagara akwai ofishin ƙwadago, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, su ma takarda za su fara tambayarka.

In ka zo hutun Sallah ka taho mini da takardar ɗaukar aikin, mu zauna mu karanta ta layi-layi, musamman wurin da ya yi maganar sallama.