Guzurin mai zuwa kallon namun daji

Kalmar «safari» da kamfanonin yawon buɗe ido ke rubutawa a jikin motocinsu ta yi doguwar tafiya kafin ta iso nan. Asalinta Larabci ne, safar, wato tafiya. Ta shiga Sawahili a gabashin Afirka, daga can Ingilishi ya are ta a ƙarni na 19, Faransanci ma ya bi sahu. Hausa ta ɗebo daga wannan rijiya, amma ta yi wani amfani dabam da abin da ta ɗebo: safara a bakin Bahaushe tafiyar fatauci ce, ta mai neman riba. Abin da ake zuwa kallo kuwa sunansa namun daji, jam'in nama, kalmar da ke nufin dabbar da ke yawo a dawa, take kuma nufin abin da ke cikin tukunya. Harshen ya adana idon maharbi. Saboda haka wanda ya yi niyyar zuwa kallon dabba kawai, ya komo gida bai harba ba, bai saya ba, bai sayar ba, yana yin wani abu ne da kalmominsa na gado ba su tanadar masa ba, kuma shirinsa ya wuce ɗaure kaya.

Farkon shiri shi ne sanin inda ƙafa za ta iya takawa. Gandun dajin da ya fi suna a Nijar shi ne W, wanda aka kafa a 1954, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin kayan gadon duniya a 1996. An raɗa masa sunan harafi ne saboda yadda kogin Isa ya yi lanƙwasa a wurin har ya yi kama da W ta boko. Dajin ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso, ana shiga ɓangaren Nijar ta Tapowa, kimanin kilomita 150 daga Yamai, kuma a cikinsa akwai giwa da ɓauna da zaki da dorina. Sai dai a shekarun nan ƴan bindiga sun mai da shi mafaka, hanyarsa ta daina zama ta mai yawon buɗe ido. Ko Kure, da ke kusa da Yamai, ba ta tsira ba: ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a can, Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, direba da shugaban ƙungiyar masu ja-gora na wurin. Don haka mai niyya ya fara da ofishin jami'an gandun daji da na tsaro, ya tambayi halin da hanya take ciki a makon da zai tashi, domin labarin bara ba ya raka matafiyin bana. In suka ce a dakata, sai ya kwance kayansa ba tare da gardama ba.

Abin da ke kai mutane Kure, mai tazarar kusan kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso, shi ne raƙumin dawa. Irin nasa na Afirka ta Yamma, mai fatar da ta fi ta ƴan'uwansa na gabas haske, a da yana yawo daga Senegal har tafkin Cadi. Farauta da fari da saran daji suka cinye shi, har ƙidayar 1996 ta sami guda 49 kacal, dukansu a Nijar. Kariyar hukuma da haƙurin manoman yankin suka sa adadin ya haura 600 cikin shekara ashirin da ƴan kai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dabbar da ke ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa guda. A ƙarshen 2018 aka ɗauki takwas a mota, tafiyar fiye da kilomita 800, aka kai su gandun Gadabeji a arewacin Dakoro, inda irinsu ya ɓace tun shekaru masu yawa. Ɗalibin Maraɗi ko na Tawa ke nan yana da raƙumin dawa kusa da gida fiye da yadda yake zato, ko da yake hanyar rairayi ce, sai da motar kat-kat da direban da ya san ta.

Bayan wuri sai lokaci. Dabba tana bin ci da sha ne, ba ta san ranar hutun baƙo ba. Raƙuman Kure sukan yi damana a kan tudu, cikin sarƙaƙiyar dajin da ke tohuwa da ruwan sama, in rani ya shigo su gangara Dallol Boso. Dalilin yana jikin gawo, itacen da kowane ɗan ƙauye ya san yana zubar da ganye da damana, ya yi kore shar da rani sa'ad da sauran itatuwa suka bushe. Wanda ya san ɗabi'ar gawo ya san inda zai nemi raƙumin dawa a watan Fabrairu. A manyan gandaye kuwa ƙa'idar ita ce ruwa: da damana ciyawa ta yi tsawo, hanyoyi sun jiƙe, dabbobi sun watsu, da rani tafkuna suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, sai namun daji su taru a ƴan wuraren da suka rage. Daga Disamba zuwa Fabrairu jiki ya fi jin daɗin tafiya, ko da yake ƙurar hunturu takan rage gani. Maris da Afrilu sun fi nuna dabba, amma zafi yakan wuce digiri 40. A kowane wata, sassafe da la'asar sakaliya su ne lokacin gani, domin da tsakar rana kowace dabba ta nemi inuwa, kuma mai hankali ya yi koyi da ita.

Kayan tafiya ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Ruwan sha ya fi abin da mutum ke tsammanin zai sha, a ƙara da na ko-ta-kwana saboda mota takan lalace inda babu rijiya. Tufafi su zama masu launin ƙasa ko na busasshiyar ciyawa. Fari yana ƙyalli daga nesa, baƙi da shuɗi kuwa suna jawo tsando a dazuzzukan bakin kogi. A ɗauki malafa ko rawani, da rufaffen takalmi saboda ƙaya da ƙarangiya, da rigar sanyi in lokacin ɗari ne, don asubahin daji ba irin na gari ba ne. Wanda zai kwana ya tafi da sange da maganin masassarar cizon sauro bisa shawarar likita, wanda zai ƙetare iyaka kuma ya riƙe katinsa na rigakafin shawara. Madubin hangen nesa, ko na aro ne, ya fi babbar waya amfani, domin shi ke hana mutum matsawa kusa da abin da bai kamata ya kusata ba.

Da ɗan gari akan ci gari. Ja-gora ba ado ba ne a tafiyar nan. Zanen jikin kowane raƙumin dawa dabam yake da na ɗan'uwansa, da shi ne masu ƙidaya ke bambanta su, kuma ja-gorar da ya daɗe a wurin yakan gane su ɗaya-ɗaya, ya karanta sawu da kashi da karyayyen reshe kamar yadda ɗalibi ke karanta shafi. In ya ce a tsaya, a tsaya. In ya ce a yi shiru, a yi. Raƙumin dawa yana da sanyin hali, amma shurinsa na iya kashe zaki, uwa mai ɗa kuma ba a ratsa tsakaninta da ɗanta. Ba a ba biri abinci, ba a tsayawa tsakanin dorina da ruwa, ba a jefar da leda ko guntun taba a busasshiyar ciyawa. Kure kuma ba shingaggen gandu ba ne. Gonakin mutane ne, raƙuman sukan ci musu wake da mangwaro, su kuwa suna haƙuri. Baƙon da ya yi sallama kafin ya ratsa gona, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum, ya biya kuɗin shiga da ladan ja-gora ba tare da ƙwauro ba, ya sa hannu ke nan a cikin abin da ke sa wannan haƙuri ya ɗore.

Saura guzuri ɗaya wanda ya fi shafar ɗalibin ilimin harsuna: littafin rubutu da alƙalami. Inda baƙo zai nuna da yatsa ya ce «antilope» ya wuce, Hausa tana da gwanki da kanki da mariya da mazo da gada da barewa, kowace da girmanta da ƙahonta da wurin zamanta. Da yawa daga masu cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba su taɓa ganin gudun barewa ba, kuma in aka jera musu waɗannan shida ba za su raba su ba. Sunan dabba yakan daɗe a karin magana bayan dabbar ta bar dajin, amma ma'anarsa tana shuɗewa a hankali har ya zama amo kawai. Shi kansa raƙumin dawa darasi ne: Bahaushe ya dubi wuyansa ya tuna raƙumi, Girkawan da ma suka haɗa masa sunan raƙumi da na damisa, sunan da har yau yake cikin lakabinsa na kimiyya, Faransanci kuwa ya samo nasa daga zarafa ta Larabci.

A Kure ana jin Zabarmanci da Fulatanci, a Gadabeji ana jin Fulatanci da Buzanci da Hausa. Tsofaffin makiyaya da maharban da suka ajiye baka suna riƙe da sunayen dabbobi da na itatuwan da suke ci, da kirarinsu, da kalmomin tafiyarsu da kukansu, waɗanda ƙamus bai kama duka ba. Ɗalibin da ya samu hanya ta yi kyau ya je, ya zauna da su bayan an sauko daga mota, ya tambayi sunan namiji da na mace da na ɗa, ya rubuta da karin sauti da tsawon wasali, ya sa ranar da sunan ƙauyen. Hoton raƙumin dawa akwai shi da yawa a intanet, amma sunan da tsohon makiyayi ke kiransa da shi sai wanda ya je ya tambaya.