Oba-oba: nemi takarda kafin ka saya

Idan kana Gurbin Bore ko Zurmi a watan Satumban 2021, ba sai an tuna maka ba. Aka rufe layukan waya a duk Zamfara, waya mai tsada ta koma tocila. Tun lokacin nake sha'awar oba-oba, don ita ba ruwanta da sabis, ba ta cin data. Ka danna, ka yi magana, ka saki, ɗan'uwanka ya amsa.

Amma kar masu talla su ruɗe ka. Ƙaramar Baofeng UV-5R ƙarfinta wat 5 ne. A fili tana kai 'yan kilomitoci, da tudu ko gini ya tare sai murya ta yanke. Daga Gurbin Bore zuwa Ƙaura Namoda kam sai da doguwar eriya. Kuma babu sirri, duk wanda ya kamo mitarka yana jin ka.

Abin da ya fi damuna shi ne takarda. A tsayar da kai a shingen jami'an tsaro a hanyar Jibiya, a ga oba-oba a aljihunka babu shaida, wallahi kafin ka gama bayani an kira ka infoma.

Don haka fara da lasisi. Tuntuɓi hukumar da ke ba da lasisi da ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta Najeriya, NARS, ka koyi dokokin mita da ladabin kira. Mai lasisi a Najeriya lambar kiransa da 5N take farawa. Ran da ka ji 5U kuwa, maƙwabcinka ne daga Nijar.