Kan Jirgi Mai Kwal da Dattawan Maƙera

Idan ka tambayi yaran Maƙera na yau inda a ke shiga jirgin ƙasa, yawancinsu za su ce maka Rigasa, gama tun 2016 daga can ne jirgin Abuja ya ke tashi. Kaɗan ne za su nuna maka tsohuwar tashar Kaduna Janshin, wadda ta ke nan kusa da ƙofar gidajensu. Ga shi kuwa saboda tashar nan ne kakannin da yawa daga cikinsu su ka zo su ka zauna a kudancin kogi.

Dogon da ya tashi daga Baro ya ratsa ta nan ya kai Kano a 1911, a shekara ta biye kuma a ka haɗa shi da na Ikko. A gabas an sami kwal a Udi a 1909, a ka shimfiɗa dogo daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916 domin kwasarsa. Dogon nan ne ya biyo ta Makurɗi da Kafanchan ya iske na Kano a Kaduna a 1927. Wato a unguwarmu hanyoyin nan biyu su ka gamu, da su da mutanensu.

Mahaifina fayaman ne, wato mai zuba kwal a wutar kan jirgi. Ya yi aiki a kan manyan injunan nan da a ka fara kawowa daga Ingila a 1948, waɗanda a ka raɗa wa kowanne sunan wani kogi. Mutane su kan ɗauka aikin ƙarfi ne kawai, ka ɗebi kwal da shebur ka watsa. Ba haka ba ne. Wutar ta na da faɗi, dole kwal ya bazu ko'ina daidai, kada wani gefe ya yi tudu wani ya yi rami. Zafin ya na bi ta cikin bututai masu yawa da su ka ratsa tukunyar ruwa, ruwan ya tafasa, tururi ya tura sandunan da ke juya ƙafafun jirgi, sa'an nan ya fita ta bututun hayaƙi ya na jan iska a kan wutar. Shi ne ƙaran nan da mu ke kwaikwayo mu na yara. Idon fayaman kuwa kullum ya na kan wani ɗan gilashi mai nuna yawan ruwa. In ruwa ya sauka har rufin wutar ya fito fili, ƙarfe zai yi laushi, tukunya ta na iya fashewa da mutum biyun da ke tsaye a bayanta.

Direban da mahaifina ya fi daɗewa da shi Musulmi ne, Bazazzagi. Shekara tara su na tare. Mahaifiyata ta kan zuba tuwo a langa ta ce, "Wannan na mutum biyu ne." Da azumi mahaifina ya kan juya baya in zai sha ruwa. Ran Lahadi kuwa, in sun kwana a Kafanchan, direban ne ya kan tashe shi domin kada ya makara zuwa sujada. Ina tuna wannan duk sa'ad da na haye gada, gama tun rikicin 2000 kogin nan ya zama kamar iyaka, kuma iyalin direban su na cikin waɗanda su ka ƙaura zuwa arewacinsa.

Ekklesiyarmu ma jirgi ne ya tara ta. Dattawan da su ka kafa ta, wannan makaniki ne a Loko, wannan mai duba dogo, wannan akawu. Akwai Bayarabe, akwai Ibo, akwai mutanen Kagoro da na Filato. Hausa ce ta haɗa su a addu'a. Idan an yi wa ma'aikaci canjin tasha ya kan tafi da Littafi Mai Tsarki a akwatinsa, bayan 'yan watanni ka ji an fara taron addu'a a zaurensa.

Injunan dizal sun fara shigowa a 1955. A hankali su ka ture masu kwal, har zuwa wajen ƙarshen shekarun 1970 hayaƙin ya ɗauke. Yawancin tsofaffin injunan an yanka su an sayar a ma'auni. Ba na ganin laifin 'yan gwangwan, abinci su ke nema, ƙarfen da a ka yasar kuwa mai kilo ne ya ke sanin darajarsa. Abin da ya ke damuna shi ne 'yan kaɗan ɗin da su ka tsira, da 'yan kaɗan ɗin mutanen da su ka san kansu.

A ekklesiyarmu saura dattawa uku da su ka taɓa riƙe shebur a kan jirgi. Ƙaraminsu ya ba saba'in da biyar baya. Bara mu ka ɗauki ɗayansu tare da matasa goma sha biyu a mota zuwa Minna, domin su ga ɗan injin Wushishi. An ƙera shi a Lids ta Ingila a 1901, ya yi aiki a kan ɗan siririn dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi, ya na jan kayan Gwamna Lugga daga bakin kogin Kaduna zuwa Zungeru. Shi ne kan jirgi na fari a Arewa. Kogin da ya ɗauko masa kaya kuwa shi ne wannan da ya ke wucewa ta bayan gidajenmu.

Matasan sun yi dariya da su ka ga ƙanƙantarsa. Baba bai ce musu kome ba. Ya zagaya shi sau biyu ya na dogara sanda, sa'an nan ya kira jikata ya ce, "'Yata, in an ba ki injin da ya yi shekara hamsin a tsaye, me za ki fara yi masa?"

Ta ce, "Fenti, Baba."

Ya ce, "Fenti kwalliyar gawa ce in ba a yi rufi ba." Daga nan ya shiga yi musu bayani, mu ma manya mu ka matso. Ya ce babban abokin gaban injin da ke ajiye ruwan sama ne. Ya na shiga ta bututun hayaƙi, ya jiƙa tsohuwar tokar da ta rage a ciki, tokar nan kuwa in ta jiƙe ta na cin ƙarfe daga ciki ba wanda ya gani. Don haka sai a fara yin rumfar kwano, a toshe bakin bututu, a kwashe toka sarai. Akwai kuma wani farin abu kamar auduga da a ke naɗe tukunya da shi domin riƙe zafi, asbestos sunansa. Ƙurarsa ta na kashe huhu, kada wanda bai san aikin ba ya taɓa shi. Bayan wannan a kankare tsatsa, a shafa giris a sanduna, sa'an nan fenti ya biyo a ƙarshe. In kuwa so a ke injin ya sake tafiya, wannan wata magana ce dabam. Sai an zare bututai an sake, an cika tukunya da ruwan sanyi an matsa shi da famfo fiye da ƙarfin tururin da za ta ɗauka. In za ta tsage, gara ta tsage da ruwan sanyi.

A Birtaniya sun yi irin wannan. A da akwai wani filin 'yan gwangwan a garin Bari na ƙasar Wales, inda masu son jirgi su ka yi ta tara kuɗi su na fansar injuna ɗaya ɗaya tun daga 1968, har su ka fitar da 213. Wani shahararren injinsu mai suna Flying Scotsman ya ci shekara goma a gyara, daga 2006 zuwa 2016, da kuɗi fiye da fam miliyan huɗu. A ganina mu ba wannan ne gabanmu ba tukuna. Mutumin da ke fama da kuɗin makarantar 'ya'yansa ba za ka ce ya kawo gudummawar tukunyar jirgi ba. Amma kwanon rufi da gwangwanin giris ba su fi ƙarfin jama'a ba. A Jos an ajiye injunan ƙaramin dogon nan da ya tashi daga Zariya, wanda a ka rufe a 1957. A Ikko ma wata ƙungiya mai suna Legacy 1995 ta gyara tsohon gidan Jaekel a Ebute Meta ta mai da shi gidan tarihin reluwe. Mu da sunan unguwarmu ma Maƙera, bai kamata a fi mu sanin darajar ƙarfe ba.

Wani dattijon ekklesiya ya ce mini wannan ba aikin Ubangiji ba ne, kayan duniya ne mai tsatsa. Na gaya masa gaskiya ne zai yi tsatsa. Amma na tuna masa da Littafin Joshuwa sura 4, inda a ka ɗauko duwatsu goma sha biyu daga tsakiyar Urdun a ka kafa su, domin in 'ya'ya sun gani su yi tambaya, iyaye kuma su sami abin faɗi. A hanyarmu ta dawowa daga Minna yaran nan sun yi wa Baba tambayoyi har Kaduna, waɗanda shekara da shekaru su na zama kusa da shi a sujada ba su taɓa yi ba. Ɗayansu a ranar ne ya fara jin cewa kakansa daga Umuahiya ya zo.

Tun daga lokacin, kowace Lahadi ta fari ga wata, bayan an tashi sujada, mu kan zauna da dattawan nan uku a gindin darbejiya. Jikata ce mai rubutu, ta cika littafi biyu. Wata Lahadi an yi ta gardama a kan yadda a ke zuba yashi a dogo in ƙafafu su na santsi a hawan Jos da damina, har sai da matansu su ka aiko kiransu. Mun kuma sami labarin wani tsohon direba da ke Tudun Wada, ƙanen wanda ya yi aiki da mahaifina. Mun aika masa, ya ce mu zo ran Asabar bayan la'asar, mu taho da littafin.