Tambayar Da Muka Tsawatar

A wani dare na damina aka ɗauke wuta a unguwarmu ta Sabo, a Ibadan, sai muka tara yaran gida muna yi musu tatsuniya kamar yadda kakarmu takan yi mana. Mun kai inda Gizo ya shige rami shi kaɗai yana ƙulla makirci a zuciyarsa, sai autarmu, wadda ba ta cika shekara biyar ba, ta katse mu: “Baba, in shi kaɗai ne a ramin, wa ya ji abin da yake faɗi a ransa har ya gaya maka?”

Muka daka mata tsawa, muka ce ba a katse babba. Ta yi tsit. Sai washegari, muna tsaye gaban ɗalibanmu na shekara ta uku muna fama da bayanin mai ba da labari wanda ya san sirrin zukatan taurari, sannan muka farga cewa darasin da muke ta gumi a kansa shi ne yarinyar ta tono da kanta cikin duhu. Da digirinmu na uku a adabi muka rufe mata baki.

Tun daga ranar muka canza ra’ayi game da alamomin hazaƙa. A da, yaro mai saurin hadda muke yaba wa, kuma ba laifi ba ne, domin hadda baiwa ce. Amma wanda ya fi cancantar a zuba masa ido shi ne wanda bai yarda ya karɓi labari yadda aka ba shi ba. Yakan gano giɓi a cikinsa, ko ya sauya masa ƙarshe, ko ya ƙago kalma idan wadda ake da ita ta gaza masa. A nan Sabo, shi ne yaron da zai tsaya yana mamakin yadda Bayarabe da Bahaushe suke kiran abu ɗaya da suna biyu, alhali tsaransa sun wuce. Abin takaici, sunayen da muka tanadar wa irin wannan yaro su ne mai surutu, mai tsaurin ido, fitinanne.

Jarrabawa ma ba ta cika kama su ba. A 1921 Lewis Terman ya fara zaɓo yara kimanin 1,500 a Kalifoniya ta Amurka bisa gwajin ƙwaƙwalwa. Cikin waɗanda gwajin ya tsallake akwai William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda suka ci kyautar Nobel a 1956 da 1968. A ƙasarmu an kafa makarantar masu hazaƙa ta gwamnatin tarayya a Suleja, abin a yaba, sai dai matakin sakandare ce. Kafin yaro ya kai shekarun shigarta, an riga an yi shekaru ana koya masa yin shiru a tsakar gida.

Autar tamu yanzu shekararta tara, kuma malamanta suna yabon natsuwarta. Sau biyu muka sake yi mata tatsuniyar nan, muna zuwa bakin ramin sai mu dakata da gangan, mu dube ta. Sai ta ce, “Ci gaba, Baba, ina ji.”