Gani Bai Kori Ji Ba

A gidanmu da ke Garwa akwai wani ɗan ƙarfe mai kan katako baƙi, wanda tun muna yara aka hana mu taɓawa. Yana cikin akwatin Kawu, a naɗe cikin tsohon rawani. Mabugin tangaraho ne, abin da ya ci abinci da shi shekara da shekaru a gidan waya, tun bayan da Kamaru ta sami 'yancin kanta a 1960. Da shi yake tura saƙo ta iska zuwa Marwa da Ngawundare da Yawunde, ƙara gajere da ƙara dogo, waɗanda shi da abokan aikinsa da suka koya a hannun Faransawa suke kira "ti" da "ta". Idan hira ta yi daɗi yakan tuna mana cewa sana'ar ba ta raini ba ce, domin Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan da aka haifa a 1924, da ita ya fara aikin gwamnati a 1942, kafin ya zama shugaban ƙasa na farko.

Tangaraho ya mutu a hannun hukumomi. Jiragen ruwa na duniya sun daina dogara da harufan Morse a 1999, gidajen waya kuma sun riga su sallama shi. Waɗanda suka rage su ne masu rediyon sha'awa, mutanen da ke kafa eriya a bayan gida su yi ta kiran juna daga ƙasa zuwa ƙasa don nishaɗi. Su Kawu yake saurare da dare bayan ya yi ritaya, a farkon zangon mita 40, wajen kilohaz 7000 zuwa 7040, da wata rediyo mai sashen SSB, tun da rediyon gida ba ta fitar da wannan kukan. Ba shi da lasisin aikawa, bai kuma neme shi ba. Sauraro kawai yake yi, da fensir a hannu, yana cewa wannan Bafaranshe ne, ga F a farkon lambarsa, wancan Bajamushe ne mai DL, ga kuma maƙwabcinmu na Najeriya mai 5N. Lambar Kamaru, wadda ke farawa da TJ, da wuya ya ji ta, kuma duk ranar da ya ji sai ya kwana yana murna.

Sai kunne ya fara nauyi. Da farko yana ƙara murya, daga baya ya manna kunnensa a jikin rediyon, daga nan kuma wata rana na tarar ya mayar da ita cikin akwati kusa da mabugin. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ɗana, sun daina magana." Na san ba su daina ba. A daren nan na ƙudurta cewa in kunne ya gaza, zan nema masa hanyar da ido zai karɓi aikin, tun da Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Ni mai gyaran waya ne da rediyo, na saba da dalma da ƙarfen narka ta. Na saƙo wa wani ɗan kasuwa mai zuwa Duwala ya kawo mini Arduino Nano, wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ba ta kai tsawon yatsa ba, da ɗan allo mai layi biyu, kowane layi harafi 16. Dabarar a takarda mai sauƙi ce. Ƙa'idar Morse gaba ɗayanta awon lokaci ce: gajere awo ɗaya, dogo awo uku, shirun da ke cikin harafi awo ɗaya, tsakanin harafi da harafi awo uku, tsakanin kalma da kalma awo bakwai. Mai buga kalma 20 a minti, gajerensa milisakan 60 ne, dogonsa 180. Aikin na'urar shi ne ta ɗauki sautin rediyo sau dubbai a kowane sakan, ta tambayi kanta ko kukan da ake nema, wajen haz 700, yana ciki ko babu. Lissafin da ke amsa wannan tambaya wani Ba'amurke mai suna Gerald Goertzel ne ya fito da shi a 1958, kuma sauƙinsa ya sa ƙaramar ƙwaƙwalwa irin tawa take iya ɗaukarsa. Idan ta auna tsawon kukan da tsawon shirun, sai ta bi reshe kamar mai hawa itace: gajere hagu, dogo dama. Gajere ɗaya E ne, dogo ɗaya T, gajere da dogo A, dogo da gajere da dogo K.

Na gwada ta da sautin da kwamfuta ta buga, ta rubuta komai daidai, babu kuskure ko ɗaya. Na ɗauke ta da alfahari na kai ɗakin Kawu, na jona da rediyo. Abin da ya cika allon shi ne E E T I E T, ba kai ba gindi. Duk wata ƙara da ta gifta, na'urar sai ta ɗauke ta harafi. A nan na gane yawan hayaniyar da muke zaune a cikinta ba mu sani ba: cajar waya mai araha, ƙwan lantarki na zamani, injin niƙa na maƙwabta, kowanne yana zuba dattinsa a iska. Da damina kuma walƙiyar da ake yi can nesa a kan Binuwai tana faɗowa cikin rediyon kamar ana fasa itace. Abin dariya, daren da aka ɗauke wuta a unguwa shi ne daren da iska ta fi tsabta, sai in koma kan batir mu ji Turai kamar tana bayan katanga.

Na yi makonni ina gyara. Na koya mata ta watsar da duk ƙarar da ta gaza wani ɗan tsawo, na koya mata ta riƙa lura da saurin mai bugawa daga gajerun da suka wuce, ta daidaita awonta da nasa. Ta fara kama CQ, kiran da ake yi wa duk mai ji, da 599, wato ina jin ka sarai, da 73, gaisuwar sallama. Kawu ya sa tabarau ya zauna yana karantawa, bai ce komai ba, amma washegari tun kafin isha'i ya aiko a kira ni.

Wani dare muka faɗa kan wani mai bugawa da hannu, tsoho bisa dukkan alama, yana jan dogonsa fiye da ƙa'ida, yana haɗe haruffa. Na'urar ta rikice, tana raba kalma ɗaya gida uku. Ina neman abin da zan murɗa, sai na ga Kawu ya cire murfin lasifikar ya ɗora ɗan yatsansa a kan takardar da ke rawa. Ya rufe ido. Can sai ya fara faɗin haruffan ɗaya bayan ɗaya, yana gyara wa allon kurakuransa. Da mutumin ya gama, ya ce, "Wannan ya koya a soja ko a jirgin ruwa, kuma hannunsa ya gaji."

A daren ya ba ni labarin abin da suke kira hannu. Ya ce kowane mai tangaraho yana da nasa, kamar yadda kowane makaɗin kalangu yake da nasa, kuma shi yakan gane abokin aikinsa na Marwa tun daga harafi na uku, ya san ranar da zazzaɓi ke damunsa, ya san la'asar ɗin azumi. Ya ce idan saƙon rasuwa ne, hannun kan sauya tun kafin kalmar ta iso, sai ya gyara zama, domin shi ne mutum na farko a garin da zai sani. Ya ƙara da cewa bai taɓa wahalar koyon gajere da dogo ba, domin duk Bahaushen da ya tashi yana jin waƙen malamai da karinsu, kunnensa ya riga ya san gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Na'urata tana auna milisakan, shi kuwa mutum yake ji a bayan milisakan ɗin, kuma wannan babu inda zan rubuta shi a manhaja.

Daga hirar hannu muka gangaro kan abin da ya fi tsaya mini a rai. Yawancin saƙonni a zamaninsa da Faransanci ake rubuta su, amma fataken goro da na shanu sukan nace sai da Hausa. Morse kuwa yana da alamar É ta Faransawa, yana da Ä da Ö da Ü na Jamusawa, amma ba shi da ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ. Kawu ya ce ya taɓa karɓar saƙo mai cewa KUDIN YA BATA, gida ya rabu biyu, wasu sun ce kuɗin ya ɓata, wasu sun ce kuɗin ya ba ta, aka kwana ana husuma kafin a sake buga waya. Na yi dariya, amma na tuna cewa 'ya'yanmu a garin nan Fillanci suke yi a titi, Faransanci a lakwal, Hausa sai a tsakar gida, kuma da yawansu ba su taɓa ganin an rubuta baƙi mai lanƙwasa ba.

Ɗan allon nan yana karɓar haruffa takwas na ƙirar mai shi, kowanne a fili mai ɗigo biyar a kwance, takwas a tsaye. Na zauna na zana ɓ da ɗ da ƙ ɗigo bayan ɗigo. Saura alamar da za a ba su. Kawu ya ce Jamusawa sun bar Garwa tun 1915, don haka mu ari nasu guda ukun, ba za su zo biɗa ba. Muka ba ɓ alamar Ä, ɗ ta ɗauki ta Ö, ƙ kuma ta Ü, wato gajere biyu da dogo biyu. Wannan yarjejeniya ce ta cikin gidanmu, ba ta fita iska, babu kuma wanda ya san ta a duniya sai mu.

Ranar Juma'ar da ta biyo ya kwance rawanin, ya fito da mabugin, na jona shi kai tsaye da na'urar. Hannun ya yi rawa da farko, sannan ya tuna hanya. Jikoki suka kewaye shi. Ya buga BAKI, ya nuna bakinsa. Ya buga BAƘI, ya nuna ni da abokina da muka zo ziyara. Ƙaramarsu, wadda ke aji uku a lakwal, ta sa yatsa a kan allon ta tambaya me ya sa wannan K ɗin take da ƙugiya. Ya ce mata, "Taki ce, zo ki buga." Har yanzu na'urar tana kuskure idan hannunsa ya ja dogo, shi kuma yana yi mata faɗa kamar sabon ɗan koyo. Yaran uku sun riga sun haddace haruffa goma sha biyu. Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, ya ba mu ikon karɓar abin da ke hannun dattawanmu tun suna nan.