Jakar da Na Gani a Johannesburg

Na sauka a Johannesburg cikin watan Yuli, na baro damina tana tsaka a gida, na tarar da hunturu mai ratsa ƙashi. Sai dai ba sanyin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Wata 'yar tambaya ce da aka yi mini a mota.

Ƙananan motocin hayarsu ba su da kwandasta. Fasinjoji ke miƙa kuɗi hannu da hannu har gaba, wanda ke kusa da direba shi ne mai lissafi da ba da canji. Cikin rashin sani na zauna a nan. Kuɗi suka taru a hannuna, na rasa ta yi. Direba ya yi mini magana da harshen Zulu, na amsa da Turanci. Ya dube ni ya ce, "Daga ina?" Na yi jim, sannan na ce, "Afirka ta Yamma." Ban yi ƙarya ba, amma na ɓoye sunan ƙasata, abin da ban taɓa yi ba tun da nake.

Tsoron nawa yana da tushe. A watan Mayun 2008 an kashe mutum 62 a tarzomar ƙin jinin baƙi da ta faro daga unguwar Alexandra. A Satumban 2019 ma sai da aka kwaso ɗaruruwan 'yan Nijeriya zuwa gida a jirgi bayan an ƙona shagunan baƙi.

Kashegari na tafi Soweto, na tsaya a wurin tunawa da Hector Pieterson, yaron da 'yan sandan mulkin wariyar launin fata suka harbe ranar 16 ga Yuni, 1976. A wannan shekarar ce Nijeriya ta kafa asusun tallafa wa masu gwagwarmayar kudancin Afirka, ma'aikata suka ba da gudummawa daga albashinsu, har ɗalibai ba a bar su a baya ba. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wato mun yi musu rana, sun yi mana dare.

Da wannan fushin na isa tashar Park, inda manyan motoci ke lodin Bulawayo da Harare da Maputo. Can na hangi wata dattijuwa 'yar Zimbabwe zaune a kan kayanta, ta rungume takardunta a ƙirji, duk ɗan sandan da ya gifta sai ta bi shi da ido. Da na lura da abin da take zaune a kai, sai jikina ya yi sanyi. Jakar nan ce mai ratsin ja da shuɗi, wadda kowane gida a ƙasarmu ya san ta da suna "Ghana Must Go".

Mun daɗe muna faɗin sunan nan da dariya, mun manta asalinsa. A Janairun 1983, da kuɗin mai ya karye, gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu 'yan makonni su fice. Kimanin Ganawa miliyan ɗaya suka cusa abin da suka mallaka a irin wannan jaka. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, ciki har da Hausawan zango da yawa. Duk lokacin da tukunya ta gaza, baƙo ake fara ƙirga wa loma.

Wannan ba ya wanke wanda ya ƙona shagon wani a Johannesburg. Zalunci sunansa zalunci. Amma ya hana ni kallon lamarin a matsayin halin wata al'umma ita kaɗai.

Tun da na dawo nake tuhumar kaina. Mai ga-ruwan unguwarmu, wanda ya zo daga Nijar, ya shekara biyar yana shiga gidana, ban taɓa tambayar sunansa na yanka ba. Ran nan na tambaye shi garinsu. Sai da ya yi jim kafin ya amsa. Na gane wannan shirun, domin ni ma na taɓa yin sa.